Dalilin da Ya Sa Buzuzu Ke Tura Kashi da Baya

Dalilin da ya sa kuke ganin buzuzu yana tafiya da baya, kai a ƙasa, ƙafafu a sama, yana tura dunƙulen kashin shanu, ba hauka ba ne, kuma ba haka aka halicce shi ba. An san halinku, yaran yanzu. In kun gan shi a hanyar gona sai ku sa tsinke ku ture masa kayansa, yana sake kamawa kuna ƙyaƙyata dariya. To ku matso ku ji. Wanda ya ji labarin nan har ƙarshe, in dai yana da kunya, ba zai ƙara sa masa tsinke ba.

A can zamanin da dabbobi da ƙwari suke zaune gari ɗaya, suna noma suna cin kasuwa, kakar buzuzu ta farko tana cikinsu. Sunanta Tasalla. A miƙe take tafiya kamar kowa, gammo a ka, ƙwarya a bisa, don sana'arta fura ce. Duk garin babu mai cura fura kamarta. In ta mulmula curi ta birkiɗa shi a gari, har mai saye sai ya ji tausayin fasa shi. Mijinta ya rasu ya bar ta da yara ƙanana, abin da take riƙe su da shi kuwa gona ce guda a gefen gari, wadda ta gada wurin uwarta. Jigawa ce, yashi ya fi ƙasa yawa, amma ba ta taɓa ba su kunya ba. Daga ita ake tuwo, daga ita ake furar sayarwa.

A lokacin nan garin ba shi da juji. Kowane gida yana da ɗan lungu a bayan ɗaki inda ake tara shara: toka, ƙaiƙayi, ɓawon gyaɗa, kashin awaki, ragowar tuwon da ya yi tsami. A zuba, a rufe da ƙasa, a yayyafa ruwan wanke-wanke, a bar shi ya ruɓe a hankali har ya koma baƙi, ba wari. Da bazara ta kama sai Jaki, maƙwabcin Tasalla, ya ɗaura mangala ya bi gida-gida yana kwasa, yana kai wa kowa gonarsa. Uwar Tasalla ta sha gaya mata tun tana yarinya, "Gona ciki gare ta kamar ni da ke. In kin ci, ki mayar mata da ragowa. Ranar da kika hana ta, ranar za ta hana ki."

Mai garin Giwa ce. Wata ranar kasuwa surukanta suka zo mata daga ƙetaren kogi, ta ci ado ta fito taryarsu tana taku ɗaiɗai. A ƙofar gidanta ta taka kashi, santsi ya kwashe ta, ta zube rim, har ƙwaryar furar Tasalla da ke can bakin kasuwa sai da ta girgiza. Surukai suka sunkuyar da kai, kafaɗunsu na rawa. Kashin nan kuwa, duk wanda ya ga girmansa ya san ba na akuya ba ne. A garin kaf mutum ɗaya ce ke iya ajiye irinsa, kuma ga ta nan kwance a ciki. Amma wa ya isa ya faɗa? Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Giwa ta tashi tana huci, ta ce garinta ya cika ƙazanta, talakawa sun ja mata abin kunya. Cikin fadawanta akwai Ƙuda, wanda a zamanin nan ramamme ne abin tausayi, don duk inda ya je neman abin lasa sai ya tarar an rufe da ƙasa. Ya matso yana murza hannu, ya ce, "Allah ya ja zamaninki, ai gyaran mai sauƙi ne. Ga kududdufin nan na bayan gari inda ake ɗibar ƙasar gini. A riƙa kai duk wata shara can, a zubar, a juya baya. Kada a bar ko ɓawon gyaɗa a gidan kowa, kada kuma a bar kowa ya ɗebo abin da aka riga aka zubar. Ni da iyalina mun yarda mu sha wahalar tsaronsa, saboda ke."

Nan take Giwa ta naɗa shi Sarkin Juji, ta ba shi Ungulu a matsayin dogariya, aka yi shela.

Gaskiya da farko abin ya yi daɗi. Ba mai tonon rami, ba mai juya taki, ka share ka miƙa wa Jaki, ka kaɗe hannu. Lunguna suka yi fes. Sai dai kududdufi ya cika, ya yi tozo, ya zama tudu. Da rani ya riƙa hayaƙi shi kaɗai ba wanda ya sa masa wuta, da damina baƙin ruwa ya riƙa tsatsafowa daga gindinsa yana gangarawa tafkin da ake sha. Ƙuda ya yi ƙiba har wuyansa ya ɓace, 'ya'ya da jikoki suka cika gari, ba a isa a buɗe akushi ba sai sun riga mai shi sa hannu.

Gonaki kuwa suka fara rama. Masu fadama ba su ji da wuri ba, amma jigawar Tasalla ita ta fara kwantawa. Shekarar farko gero ya fito gajere. Ta biyu ganye ya yi ɗorawa-ɗorawa, ciyawar wuta-wuta ta fito ta shaƙe shi. Da aka kai ta uku, zangarniya ba ta fi wutsiyar ɓera ba. Tasalla ta leƙa rumbu da bazara ta tarar ba komai sai irin shuka a cikin tulu. Yara suna bin ta suna cewa, "Inna, a dafa mana ko kaɗan." Ta rufe bakin tulun da laka, ta zauna a kai, ta yi kuka mai isarta. Ta san in ta zuba irin nan a yashin da ba a ciyar ba, ta zubar da shi ke nan, kuma babu wani a bayansa.

Da safe ta wanke fuska ta tafi fada. Ta durƙusa ta ce, "Ranki ya daɗe, ba ƙara na kawo ba, roƙo na kawo. Gonata yunwa take ji. Abincinta yana can jibge a bayan gari yana wari. A ba ni izini in ɗebo kwando ɗaya."

Ƙuda ya yi caraf ya ce, "Kun ji ko? Mai fura tana neman kashi. Allah ya sa ba da shi aka daɗe ana dama mana ba."

Fada ta ɗauki dariya. Giwa ta ce, "Ke Tasalla, abin da aka zubar an zubar. Tashi ki ba ni wuri."

Tasalla ta tashi, amma ba gida ta nufa ba. Ta biya ta ɗauki kwandonta, da rana tsaka, kowa na gani, ta miƙe sai juji. A hanya ta gamu da Jaki ɗauke da mangala. Ya ce, "Maƙwabciya, ina zuwa da kwando ba kaya?"

Ta ce, "Inda kake kaiwa, can za ni in ɗebo."

Jaki ya waiga hagu da dama, ya yi ƙasa da murya. "Ki rufa wa kanki asiri. In ma za ki yi, ki bari sai ido ya ɗauke."

Ta ce, "Ɓarawo ke jiran ido ya ɗauke. Ni tokar murhuna ce a can, da ƙaiƙayin gerona. Sai dai a yi wadda za a yi."

Ta cika kwando ta ɗora a ka. Ba ta yi nisa ba Ungulu ta dira a gabanta, ta fizge kwandon, ta yaga shi, ta watsar da takin. Tasalla ta koma gindin jujin inda Jaki ya sauke kashin shanu, ta tsuguna, ta sa hannuwan nan nata da suka saba da cura fura, ta mulmula dunƙule ƙato, ta rungume shi ta kama hanya. Ungulu ta ga abin ya fi ƙarfinta, ta tasa ta gaba sai fada, da dunƙulen da komai.

Gari ya taru. Giwa ta ce, "Ba na hana ki ba?"

"Kin hana, ranki ya daɗe."

"To me ya kai ki?"

Tasalla ta ce, "Dokarki ce ta ce kada in ɗeba, cikin 'ya'yana ya ce in ɗeba. Na auna, na ga su ba su iya jira. Kuma tunda an kawo ni gaban jama'a, bari in faɗi abin da kowa ya sani. Abin nan da kuke kira ƙazanta, jiya abinci ne, gobe ma abinci ne in an mayar da shi inda ya fito. Kun tara shi wuri ɗaya yana ruɓar da ruwan shanmu, gonaki suna mutuwa, mutum ɗaya ne ya yi ƙiba. Ku dubi wuyansa."

Duk aka juya aka dubi Ƙuda. Shi kuma ya tashi fuu, ya sauka kusa da kunnen Giwa, ya ce, "Allah ya ja zamaninki, in aka ƙyale wannan, gobe kowa zai zo da kwando. Hannun da ya ɗebo shi ya yi laifi. A ɗaure shi."

Aka kawo igiyar rama, Ungulu ta haɗa hannuwan Tasalla biyu ta ɗaure tamau, har igiya ta shiga nama. Giwa ta ce ba za a kwance ba sai ranar da ta dawo ta durƙusa ta ce ta tuba. Aka sake ta, jama'a suka buɗa mata hanyar gida.

Tasalla ta tsaya tana duban hannuwanta. Ta dubi dunƙulen da ke yashe a tsakar fada. Ta dubi gabas, ta ga hadari ya fara haɗuwa, damina na bakin ƙofa. Sai ta juya wa dunƙulen baya, ta kafa ɗaurarrun hannuwanta a ƙasa, ta sunkuyar da kai har goshinta ya taɓa turɓaya, ta ɗaga ƙafafun baya ta ɗora a kansa, ta tura. Ya gangara. Ta sake turawa. Haka ta fita daga fada da baya, a gaban Giwa da fadawanta, ta bar su baki buɗe.

Ƙuda ya ce a ɗaure ƙafafun ma. Giwa, wadda dariya ta kama ta har tana hawaye, ta ce, "Ƙyale ta. Wannan ai ta hukunta kanta. Mu gani ko za ta kai bakin gari."

Ba ƙaramar wuya Tasalla ta sha ba, kada ku ɗauka wasa ne. Mai tafiya da baya ba ya ganin gabansa. Ta faɗa rami, dunƙulen ya danne ta. Ta tura shi kan tudu, ya kuɓuce ya koma ƙasa, ta bi shi ta faro daga farko. Da ta ɓace hanya sai ta haye kan dunƙulen, ta juya ta dubi inda rana take, ta gane gabas da yamma, ta sauko ta ci gaba. 'Yan kasuwa suka fito kallo, wasu na tafi, wasu na toshe hanci. Wata da ta saba sayen furarta kullum ta tofar da yawu ta ce ko kyauta aka ba ta ba ta ƙara sha. Wannan maganar ta yi wa Tasalla ciwo fiye da igiyar, don ta san sana'arta ta mutu ke nan. Amma ba ta sauke ƙafa ba.

Da ta isa gona sai wata matsalar. 'Ya'yan Ƙuda sun biyo ta, suna jira ta ajiye su sauka a kai. Ga shi ba hannun riƙe fartanya. Sai ta kafa kai a yashi ta riƙa turawa tana tono da goshi, har ta yi rami mai zurfi, ta gangara da dunƙulen ciki, ta mayar da ƙasa ta rufe. 'Ya'yan Ƙuda suka yi ta shawagi a kan wurin, ba abin lasa, suka koma suka gaya wa ubansu. Ranar Ƙuda bai ci abinci ba, don ya gane duk abin da aka binne ya fi ƙarfinsa.

Kullum haka, daga fitowar rana zuwa faɗuwarta. Tasalla ta koma juji, ta cura da ƙafa, ta turo, ta binne a kunyoyin gonar, kunya bayan kunya. Goshinta ya yi kanta, ya baje kamar bakin fartanya. Yaranta suka riƙa ba ta ruwa a baki. Wata rana Jaki ya zo wucewa ta gefen gonar da kaya, ya tsaya ya daɗe yana kallonta. Sai ya yi tuntuɓe, tuntuɓen da ba dutse a wurin, mangala ta karkace, rabin kayan ya zube a cikin gonar.

Ya ce, "Kash, tsufa. Ƙafar nan tawa ba ta da kirki."

Tasalla ta ce daga inda kanta yake a ƙasa, "Allah ya ƙara mata ciwo, maƙwabci."

Tun daga ranar ƙafar Jaki ba ta ƙara wuce gonar nan ba tare da ta yi tuntuɓe ba.

Ruwa ya sauka. Tasalla ta sa yara suka fasa bakin tulu, ita tana buɗa rami da ka, su suna jefa iri suna takewa. Gero ya fito, ya yi baƙi-ƙirin don kore, ya wuce kan Jaki, ya fitar da zangarniya mai kauri. Gonakin da ke kewaye da ita kuwa suna nan jajaye, kamar ba ruwa ɗaya aka yi musu ba. A tsakiyar daminar aka yi wani ruwa mai ƙarfi, juji ya jiƙe ya zame, ya gangaro ya cika tafki, sauran ya bi kwararo ya tsaya a ƙofar gidan Giwa. Gari ya kwana biyu ba ruwan sha mai kyau, ciwon ciki ya kama yara.

Da kaka ta yi, rumbun Tasalla ya cika har aka jingina dammuna a waje. Yaranta suka ci tuwo suka ƙoshi, suka bar saura. Maƙwabtan da suka yi mata tafi suka fara zuwa da ƙwarya a ɓoye cikin zane, ba wanda ta mayar hannu wofi, har da mai tofar da yawun nan.

Labari ya kai fada. Giwa, wadda ita ma rumbunta ya yi sauƙi, ta taso da kanta har gonar. Ta tarar da Tasalla kai a ƙasa, tana turo wani dunƙulen, don ita tun a kaka take shirin baɗi. Giwa ta sa Ungulu ta tsinke igiyar. Ta ce, "Ke Tasalla, na yafe miki, ko ba ki tuba ba. Miƙe ki juyo mu yi magana. Ke kaɗai na ba ki izini ki riƙa ɗiba. In kina so ma a ba ki sarauta."

Tasalla ta motsa hannuwanta, igiya ta bar musu tabo zarto-zarto. Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ranki ya daɗe, jujin fa?"

Giwa ta ce, "Juji yana nan. Mai gari ba ta lashe amanta."

Ta ce, "Sauran gonakin fa? Su ba su da ciki?"

Giwa ta waiga ta dubi mutanenta. Jama'ar da suka biyo ta ba wanda ya goyi bayan Tasalla, don gaskiya ita ce sun saba da sauƙin zubarwa, ba mai son komawa tonon rami da juya taki.

Tasalla ta ce, "To ku riƙe sarautarku. Ranar da kuka ɗaure ni kun zaci zan zo da fuska a ƙasa in roƙe ku. Ga fuskar a ƙasa, amma ba don ku ba, don gona. Ranar da aka daina kai abincin gona juji, ranar zan miƙe in juyo in dube ku. Kafin nan, abin da za ku gani nawa ke nan."

Ta ɗora ƙafafu a kan dunƙulenta, ta tura, ta wuce ta tsakanin ƙafafun Giwa ta tafi abinta. Yaranta suka dubi uwarsu, suka dubi mai gari, sai ɗaya bayan ɗaya suka kafa kai a ƙasa suka bi ta da baya.

Shi ya sa har yau buzuzu bai juyo ba. In kun kama shi ku duba, za ku ga goshinsa a baje saboda tono, hannuwansa da tabon igiya, kuma duk inda ya samu kashi sai ya cura shi kamar fura ya kai ya binne. Wani lokaci za ku ga ya hau kan kayansa ya tsaya yana waige-waige. Hanya yake dubawa, amma yana duba wani abin kuma: ko an kwashe jujin. Sai ya hango na bayan gidanku, wanda ɗazu da safe aka aiki ɗayanku ya juye ɓawon doya da ragowar tuwo a kai, a cikin leda. Sai ya sauko, ya mayar da kai ƙasa, ya juya muku baya.